Tafkin Erie: Ƙoƙarin Amurka da Kanada na Rage Sinadarin Fosfaras da Ke Gurɓata Ruwansa

Tafkin Erie na ɗaya daga cikin Manyan Tafkuna biyar na Arewacin Amurka, kuma daga cikinsa ne mutane kimanin miliyan 11 ke samun ruwan sha. Fiye da shekara 50 ke nan gwamnatocin Amurka da Kanada suna fafutukar rage yawan sinadarin fosfaras da ke kwarara cikinsa. Wannan sinadari shi ne ke ciyar da gansakukar da kan lulluɓe yammacin tafkin daga watan Yuli zuwa Oktoba, wadda a wasu lokuta takan saki guba a ruwan da jama'a ke sha.

Aikin ya kasu zango biyu. A zangon farko, wanda ya soma a 1972, akasarin gurɓatar daga bututan birane take fitowa, doka ta kama su, tafkin kuma ya farfaɗo cikin shekaru kamar goma sha biyar. A zango na biyu, wanda ake ciki har yanzu, gurɓatar daga gonaki take gangarowa, inda hukumomi suka fi dogara ga lallashi da biyan tallafi. An yi alƙawarin rage ta da kashi 40 cikin 100 kafin 2025, shekarar ta zo ba a kai ga haka ba.

Tafkin da ƙasar da ke shayar da shi

Faɗin Tafkin Erie ya kai murabba'in kilomita 25,700, wato kusan girman Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960, kafin ya ja baya. Jihohin Michigan, Ohio, Pennsylvania da New York na Amurka ne suka kewaye shi ta yamma da kudu da gabas, lardin Ontario na Kanada kuma yana arewacinsa. Mafi yawan ruwansa ta Kogin Detroit yake shigowa daga tafkunan da ke sama da shi, sannan ya fita ta Kogin Niagara zuwa Tafkin Ontario.

A cikin tafkunan biyar, Erie ne mafi ƙarancin zurfi kuma mafi ɗumi. Matsakaicin zurfinsa mita 19 ne, wuri mafi zurfi kuma mita 64. Masana kan raba shi kashi uku: na yamma mai zurfin mita 7 kacal, na tsakiya mai kimanin mita 18, da na gabas wanda ya fi su zurfi. Rashin zurfi da ɗumin ruwa ne suka sa ya fi sauran tafkunan albarkar kifi, su ne kuma suka sa ya fi su saurin kamuwa da gansakuka.

Idan ana maganar gurɓatar tafki, ba ruwan da ke cikinsa kaɗai ake dubawa ba. Ana duba yankin magudanansa, wato duk ƙasar da ruwan saman da ya sauka a kanta ke gangarawa ta rafuka da koguna har ya ƙare a cikin tafkin. Saboda haka ne jihar Indiana, wadda ba ta da gaɓa ko ta taku ɗaya a Tafkin Erie, take cikin masu alhakin tsaftarsa. A birninta na Fort Wayne ne Kogin Maumee ya samo asali, ya yi tafiyar kilomita 220 ya faɗa cikin tafkin a birnin Toledo na jihar Ohio.

Yankin magudanan Maumee ya kai murabba'in kilomita kusan 17,000, kuma babu kogin da ya kai shi faɗin yanki a duk kogunan da ke shiga Manyan Tafkunan. Babban ɓangarensa a da wata ƙatuwar fadama ce mai duhun itatuwa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 aka sare dajin, aka haƙa lambatu, aka binne bututai a ƙarƙashin ƙasa don tsotse ruwa, wurin ya koma gonaki masu albarka. A yau fiye da kashi 70 cikin 100 na yankin gonakin masara da waken soya da alkama ne. Ruwan da Maumee ke kai wa yammacin tafkin bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma kusan rabin fosfaras ɗin da ke shiga wurin ta hanyarsa yake zuwa.

Yadda abincin shuka ke zama gurɓata

Fosfaras ba baƙon abu ba ne ga manomi. Shi ne harafin P da ke jikin buhun takin NPK, kuma buhu ɗaya mai kilo 50 na NPK 15-15-15 yana ɗauke da tsantsar sinadarin kimanin kilo 3. Yana nan kuma a cikin kashin dabbobi da bayan gidan mutane. A gona yana ƙarfafa saiwa, yana taimaka wa shuka ta yi ƙwaya. Idan ya shiga tafki, aikin da yake yi wa masara shi yake yi wa gansakuka.

A yawancin tafkunan ruwan daɗi, ƙarancin fosfaras ne ke taka wa gansakuka birki. Da zarar ya yawaita, kuma ruwa ya yi ɗumi, iska ta kwanta, sai ta hayayyafa cikin 'yan kwanaki har saman ruwa ya koma kamar an zuba koren fenti. Illar ta bambanta a sassan tafkin uku.

A yamma, abin da ke yaɗuwa wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu kama da gansakuka, musamman nau'in da ake kira Microcystis. Suna fitar da guba mai suna maikrosistin, wadda ke lahanta hanta, tana jawo amai da gudawa da ƙaiƙayin fata, tana kuma kashe karnuka da dabbobin da suka sha ruwan. Tafasa ruwa ba ya kashe wannan guba, ƙara mata kauri ma yake yi.

A tsakiya, matacciyar gansakuka kan nutse zuwa ƙasan tafkin ta ruɓe, ruɓewar kuma ta cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa. A watannin zafi ruwan sama mai ɗumi ba ya gauraya da na ƙasa mai sanyi, don haka iskar da aka cinye ba ta samun madadi. Ta haka ake samun yanki mai faɗin dubban murabba'in kilomita wanda kifi ba ya iya zama a ƙasansa. A gabas kuwa, wata doguwar gansakuka mai kama da zare ce ke tsiro a kan duwatsun bakin ruwa, igiyar ruwa ta tsinke ta ta jibge a gaɓa, ta ruɓe tana wari, tana toshe bututan ɗiban ruwa.

Zangon farko: bututan birane da sabulun wanki

A shekarun 1960 jaridun Amurka sun riƙa cewa Tafkin Erie ya mutu. Biranen Detroit, Toledo, Cleveland da Buffalo suna zubar da dagwalon masai wanda ba a tace shi sosai ba, garin sabulun wanki na wancan zamani kuma cike yake da fosfet. An ƙiyasta cewa a 1968 tafkin ya karɓi fosfaras kimanin tan 28,000. Ranar 22 ga Yuni, 1969, man da ke yawo a saman Kogin Cuyahoga, wanda ke shiga tafkin a Cleveland, ya kama da wuta, lamarin da ya ja hankalin ƙasar baki ɗaya zuwa ga halin da ruwayenta ke ciki.

Tun 1909 ƙasashen biyu suke da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Ƙasa da Ƙasa mai kula da ruwayen kan iyakarsu. A 1970 hukumar ta gabatar da rahoton da ya ɗora alhakin lalacewar tafkin a kan fosfaras. Ranar 15 ga Afrilu, 1972, Shugaba Richard Nixon da Firaminista Pierre Trudeau suka sanya hannu a birnin Ottawa kan Yarjejeniyar Ingancin Ruwan Manyan Tafkuna. A watan Oktoba na shekarar, Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da Dokar Tsaftar Ruwa, duk da cewa Nixon ya ƙi sanya mata hannu saboda yawan kuɗin da za ta ci.

Masana'antun sabulu sun yi jayayya a lokacin, suna cewa sinadarin kabon ne ke haddasa gansakuka. Wani masani ɗan Kanada, David Schindler, shi ne ya raba gardamar a 1973. A wani ƙaramin tafki na gwaji da ke arewa maso yammacin Ontario, ya sa labulen roba ya raba ruwan biyu. Ya zuba kabon da naitirojin a ɓangarorin biyu, ya ƙara fosfaras a ɓangare ɗaya kawai. Wanda aka ƙara wa fosfaras ya koma kore shar, ɗayan ya zauna garau. Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya zama hujjar da 'yan majalisa a ƙasashe da dama suka riƙe.

Matakan da aka ɗauka biyu ne manya. Na farko, an wajabta wa manyan cibiyoyin tace ruwan datti na birane kada fosfaras ɗin da ke cikin ruwan da suke saki ya wuce miligiram 1 a kowace lita, aka kuma kashe biliyoyin daloli wajen gina su da inganta su. Na biyu, an taƙaita fosfet a sabulun wanki. Kanada ta fara a 1970, ta ƙara tsuke ƙa'idar a 1973. Jihohin Indiana da New York sun hana a 1973, Michigan a 1977, Ohio kuma sai a 1990. Bayan sabunta yarjejeniyar a 1978 da ƙarin da aka yi mata a 1983, aka tsayar da tan 11,000 a shekara a matsayin iyakar abin da tafkin zai karɓa. A cikin shekarun 1980 aka sauko kan wannan adadi, ruwa ya washe, kamun kifin walleye ya bunƙasa, aka riƙa buga misali da Erie a duniya.

Dawowar gansakuka

Daga tsakiyar shekarun 1990 gansakuka mai guba ta sake bayyana a yammacin tafkin, alhali jimillar fosfaras ɗin da ke shiga ba ta ƙaru sosai ba. Bayanan da cibiyar binciken ingancin ruwa ta Jami'ar Heidelberg da ke Ohio take tattarawa daga Kogin Maumee tun 1975 ne suka warware wannan ɗaurin kai. Fosfaras iri biyu ne ke shiga kogi: wanda ke maƙale da ɓarɓashin ƙasa, da wanda ya narke cikin ruwa. Gansakuka ba ta iya cin na farkon sai kaɗan, amma narkakken kusan dukkansa take shanyewa nan take. Na farkon ya ragu, narkakken kuwa ya yi ta hauhawa.

Dalilan suna da alaƙa da sauyin da aka samu a tsarin noma. Don hana zaizayar ƙasa, hukumomi sun ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina yin huɗa. Zaizaya ta ragu, amma takin da ake watsawa a saman gona ba tare da an juya shi cikin ƙasa ba sai ya taru a 'yan santimitocin sama, inda ruwan sama ke saurin wanke shi. Ramukan tsutsotsi da tsagewar ƙasa suna kai ruwan kai tsaye ga bututan da ke binne, su kuma su miƙa shi ga lambatu. Gonaki sun ƙara girma, har ya zama da yawa daga cikin manoma suna zuba taki tun bayan girbi, watanni kafin shuka ta buƙace shi. Manyan gidajen kiwon shanu da aladu da kaji sun ƙaru a yankin, tare da tulin kashin da suke fitarwa. A kan haka kuma ruwan sama mai ƙarfi ya ƙara yawaita tsakanin Maris da Yuli.

A cikin tafkin ma an samu sauyi. Wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, waɗanda jiragen ruwa suka kwaso daga Turai aka fara ganinsu a yankin a 1988, suna tace ruwa suna cinye gansakuka marar lahani, suna tofar da mai gubar. A 2011 gansakukar ta rufe fiye da murabba'in kilomita 5,000, abin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin.

Kwana uku babu ruwa a Toledo

Da asubahin ranar 2 ga Agusta, 2014, hukumomin Toledo suka umarci mutane kimanin 400,000 da kada su sha ruwan famfo, kada su dafa abinci da shi, kada kuma su tafasa shi. Gwaji ya nuna maikrosistin a ruwan da aka riga aka tace ya haura maikrogiram 1 a kowace lita, wanda shi ne mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya. Gwamnan Ohio na lokacin, John Kasich, ya ayyana dokar ta-ɓaci, dakarun tsaron jiha suka riƙa rarraba ruwa, ruwan gora ya ƙare a kantuna har na garuruwan da ke nesa. Sai ranar 4 ga wata aka janye umarnin, inda magajin garin, Michael Collins, ya sha kofin ruwan famfo a gaban 'yan jarida.

Gansakukar shekarar ba ta cikin mafiya girma. Iska ce ta tara ta daidai inda birnin ke ɗiban ruwa, kilomita kaɗan daga gaɓa, a lokacin da gubarta ta yi ƙarfi. Daga baya Toledo ta kashe kimanin dala miliyan 500 wajen gyara matatar ruwanta, ciki har da na'urar da ke kashe guba da iskar ozon, kuma mazauna birnin ne ke biyan akasarin kuɗin ta hanyar kuɗin ruwa.

Alƙawarin kashi 40 cikin 100

Tun a watan Satumba na 2012 ƙasashen biyu suka sabunta yarjejeniyarsu, suka ɗauki nauyin fitar da sababbin iyakoki ga Tafkin Erie. Abin da ya faru a Toledo ya sa aka gaggauta. A watan Yuni na 2015 Ohio da Michigan da Ontario suka amince su rage fosfaras ɗin da ke shiga yammacin tafkin da kashi 20 cikin 100 kafin 2020, da kashi 40 kafin 2025, idan aka kwatanta da na shekarar 2008. A watan Fabrairu na 2016 gwamnatocin tarayyar biyu suka amince da kashi 40 ɗin a hukumance, ko da yake ba su sa wa'adi ba.

Don magance ƙarancin oksijin a tsakiyar tafkin, an tsayar da cewa abin da ke shiga sassan yamma da tsakiya kada ya wuce tan 6,000 a shekara. Hakan na nufin Amurka ta rage tan 3,316, Kanada kuma tan 212. Don magance gansakuka mai guba, an sa wa Kogin Maumee iyaka ta musamman daga Maris zuwa Yuli: jimillar fosfaras tan 860, narkakke tan 186. Masana sun gano cewa abin da kogin ya kawo a waɗannan watanni biyar shi ke nuna girman gansakukar da za a gani a Agusta da Satumba. An kuma ware wasu koguna da za a rage nasu da kashi 40, irin su Sandusky da Portage a Ohio, Raisin a Michigan, da Thames a Ontario. A 2018 kowane ɓangare ya fitar da tsarin aikinsa.

Abin da hukumomi ke yi a Amurka

A matakin tarayya, babbar hanyar kuɗi ita ce Shirin Farfaɗo da Manyan Tafkuna, wanda gwamnatin Barack Obama ta ƙaddamar a 2010 da dala miliyan 475, aka ci gaba da ba shi kimanin dala miliyan 300 a shekara na tsawon lokaci. Dokar gina ababen more rayuwa ta 2021 ta ƙara masa dala biliyan 1. Rage gurɓatar da ke fitowa daga gonaki ɗaya ce daga cikin manufofinsa biyar. Ma'aikatar Noma tana biyan manoman da suka yarda su bi hanyoyin kare ƙasa da ruwa. Hukumar NOAA mai nazarin teku da yanayi kuwa tun 2012 take fitar da hasashen girman gansakuka a farkon kowane lokacin zafi, tana kuma bibiyarta da tauraron ɗan'adam don faɗakar da matatun ruwa.

Jihar Ohio, wadda mafi yawan yankin Maumee ke cikinta, ta yi dokoki biyu. Ta 2014 ta wajabta wa duk mai zuba takin zamani a gonar da ta wuce eka 50 ya sami horo da takardar shaida. Ta 2015 ta haramta watsa taki ko kashin dabbobi a yankin yammacin tafkin a kan ƙasar da ta daskare, ko wadda dusar ƙanƙara ta rufe, ko wadda ta jiƙe sharkaf, ko kuma idan an yi hasashen ruwa mai ƙarfi, sai dai in za a cusa takin cikin ƙasa ko a zuba shi a kan shukar da ke tsaye. A 2018 Gwamna Kasich ya nemi a ayyana yankunan koguna takwas a matsayin masu cikin mawuyacin hali, abin da zai tilasta wa manomansu bin tsarin amfani da taki. Ƙungiyoyin manoma da 'yan majalisar jiha suka ƙi, hukumar da ke da hurumin amincewa kuma ba ta amince ba.

Magajinsa, Mike DeWine, ya bi hanyar tallafi. A 2019 ya ƙaddamar da shirin H2Ohio da dala miliyan 172 na shekara biyu. Shirin yana biyan manomi kuɗi a kan kowace eka idan ya gwada ƙasar gonarsa kafin ya sa taki, ya zuba gwargwadon buƙatar kowane sashe na gonar, ya cusa takin cikin ƙasa maimakon watsawa, ya shuka ciyawar rufe ƙasa bayan girbi, ko ya sa ƙofa a bakin bututan gonarsa don riƙe ruwa. An fara da gundumomi 14 na yankin Maumee, inda aka yi rajistar fiye da eka miliyan 1 a zagayen farko, daga baya aka faɗaɗa. Shirin ya kuma ɗauki nauyin gina ko farfaɗo da fadamu fiye da 100, domin fadama tana riƙe ruwa, ciyayinta da lakarta su tsotse fosfaras kafin ya kai kogi.

Michigan ta samu mafi yawan ragin da ta yi ne daga babbar cibiyar tace ruwan datti ta Detroit, wadda ta ƙara inganta aikinta. Wannan ne ya ba jihar damar cika alƙawarin kashi 20 na 2020. Ragowar, wanda dole daga gonaki zai fito, ya fi wuya.

Ɓangaren Kanada

Tsarin aikin da gwamnatin Kanada da lardin Ontario suka fitar a watan Fabrairu na 2018 ya ƙunshi matakai fiye da 120. Ya mayar da hankali kan Kogin Thames, wanda ke ratsa birnin London na Ontario da gonakin da ke kewaye da shi, da kuma rafukan garin Leamington, inda ake da tarin rumfunan gilashi na noman tumatir da kokwamba da tattasai. Ana taimaka wa masu rumfunan su riƙa sake amfani da ruwan takinsu maimakon sakinsa cikin rafi. Tsarin ya kuma sa manufar rage iyakar manyan cibiyoyin tace ruwan datti zuwa rabin miligiram a kowace lita. A watan Maris na 2023 gwamnatin Kanada ta sanar da ware dalar Kanada miliyan 420 na shekara 10 don Manyan Tafkuna.

Giɓin doka da shari'o'i

Dokar Tsaftar Ruwa ta Amurka tana da ƙarfi a kan duk mai sakin datti ta bututu: sai da lasisi, da iyaka, da tara ga wanda ya karya. Ruwan saman da ya wanke gona kuwa dokar ta cire shi daga wannan tsari. Alƙaluman jihar Ohio sun nuna fiye da kashi 85 cikin 100 na fosfaras ɗin Maumee daga irin waɗannan wurare marasa bututu ɗaya tilo yake fitowa, akasari gonaki. Gidajen kiwo ma sai sun kai wani girma, kamar shanun tatsa 700 ko aladu 2,500, kafin su buƙaci lasisi, da yawa kuma suna tsayawa ƙasa da adadin.

Wannan giɓi ne ya kai maganar kotu. Michigan ta ayyana nata ɓangaren tafkin a matsayin gurɓatacce a 2016, Ohio ba ta yi ba sai a 2018 bayan ƙarar da masu kare muhalli suka shigar. Ayyanawar ta wajabta tsara ƙididdigar iyakar gurɓatar da ruwan zai iya ɗauka, tare da raba ta tsakanin masu fitarwa. Ohio ta miƙa nata na yankin Maumee a watan Yuni na 2023, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta amince a Satumba. A 2024 birnin Toledo da gundumar Lucas da wata ƙungiyar lauyoyin muhalli suka sake komawa kotu, suna cewa tsarin bai sa iyaka ga narkakken fosfaras ba, bai kuma taɓa manyan gidajen kiwo ba. Kafin nan, a Fabrairun 2019, masu zaɓe a Toledo sun amince da ƙudurin da ya ba tafkin kansa haƙƙin a kare shi a gaban shari'a, amma wani alƙalin tarayya ya soke shi bayan shekara ɗaya.

Manoma na da tasu hujjar. Suna cewa yawan fosfaras ɗin da ake zubawa a gonakin Ohio ya ragu idan aka kwatanta da shekarun 1970 da 1980, kuma abin da ke zurarewa daga gona ɗan kaɗan ne daga abin da aka zuba. Injin cusa taki cikin ƙasa yana da tsada, sannan filaye da yawa haya ake nomawa, mai haya kuma ba ya son zuba jari a gonar da ba tasa ba.

Inda aka kwana

NOAA na auna tsananin gansakukar kowace shekara da ma'auni daga 1 zuwa 10, burin gwamnatocin kuma shi ne kada ya wuce 3 a shekara tara cikin goma. Ta 2011 ta kai 10, ta 2015 ta zarce ma'aunin ta kai 10.5, ta 2017 ta kai 8, ta 2019 kuma 7.3. Shekarun da aka ga sauƙi, kamar 2016 da 2020 da suka tsaya wajen 3, shekaru ne da Maumee bai kawo ruwa mai yawa ba. Har yanzu dai yawan ruwan sama ne ya fi kowane shiri na gwamnati tasiri a kan girman gansakukar.

Abu biyu ne ke jinkirta sakamako. Akwai tsohon fosfaras da ya taru a ƙasar gonaki da lakar lambatu tsawon shekaru, wanda zai ci gaba da zurarewa ko da an daina ƙari. Akwai kuma batun yawan masu shiga shirin, domin nazarin da jami'o'in yankin suka yi ya nuna ba za a kai kashi 40 ba sai an bi waɗannan hanyoyi a mafi yawan gonakin yankin, musamman waɗanda suka fi zubar da sinadarin, alhali shiga shirin ganin dama ne.

Shekarar 2019 ta ba masana wata shaida da ba su tsara ba. Ruwa ya yi yawa har manoma da dama a yankin Maumee suka kasa shiga gonakinsu, ba su zuba taki ba, ba su yi shuka ba. Da aka auna, narkakken fosfaras ɗin da kogin ya kai tafkin ya yi ƙasa da abin da aka saba gani a irin wannan yawan ruwa da kusan kashi 30 cikin 100. Hakan ya nuna takin da ake zubawa a kowace shekara yana da babban rabo a cikin matsalar, kuma sauya lokaci da yadda ake zuba shi na iya bayyana a kogi tun a shekarar. Muhawarar da ake yi yanzu a majalisun jihohi da kotunan tarayya ita ce ko tallafin ganin dama zai iya kai wannan sauyi ga isassun gonaki, ko kuwa sai an kafa wa gona irin ƙa'idar da aka kafa wa bututan birane a 1972.